Yadda Ake Zuwa Ƙasar Ibo A Dawo Lafiya

Kafin ka nemi kuɗin mota, ka fara neman wanda zai tarbe ka. Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya tambaye ni hanyar Anacha ko Aba ke nan, ko ɗan kasuwa ne zai je saro takalma, ko ɗan bautar ƙasa ne da aka tura Ebonyi, mahaifiyarsa ta kwana tana kuka. Baƙo makahon gari ne a ko'ina, amma a can makantar ta fi yawa, domin abin da zai cuce ka ba a fuskar mutane yake ba. Yana cikin ranar da ka zaɓa, da awar da ka iso, da kwanar da direba ya sha. Waɗannan kuwa ɗan gari ne kaɗai ya san yadda suke a wannan makon.

Jihohi biyar ake nufi idan an ce ƙasar Ibo: Inugu, Anambra, Imo, Abiya da Ebonyi, ga kuma Ibo masu yawa a Delta wajen Asaba da wani ɓangare na Ribas. Ba kuma duka suke ɗaya ba. Cikin birnin Inugu ko Abakaliki za ka yi mako guda ba ka ji ko ƙarar bindiga ba. Amma dazukan da ke tsakanin Orlu, Orsu da Ihiala, da kewayen Okigwe, 'yan ƙasar kansu suna tauna tsakuwa kafin su bi. Yi musu kuɗin goro kamar dai a haɗa Kantin Kwari da dajin Zamfara ne a ce ai duk Arewa ce.

Mai masauki

Mutanenmu sun daɗe a can. Magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafillace ne mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma zaɓensa aka yi. Yau ma kusan kowane babban gari yana da Sarkin Hausawa da unguwar 'yan Arewa: Ama Hausa a Owerri, Gariki da New Artisan a Inugu, kasuwar shanu ta Amansea a bakin Awka, ta Ugwuoba a kan hanyar Inugu zuwa Anacha, da ta Lokpanta a Abiya. Idan ba ka san kowa ba, je wurin masu lodin albasa, wake ko dabbobi na garinku. Da wuya ka zagaya Dawanau ko karar shanu ka rasa wanda yake da ɗan'uwa a ɗaya daga cikin wuraren nan.

Amma in za ka ji ta tawa, mai masaukin da ya fi kowa amfani shi ne ɗan Ibon da kuka daɗe kuna ciniki a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. Ka gaya masa za ka garinsu. Zai buga wa ƙaninsa waya, kuma daga lokacin ka zama baƙon gidansu, wanda in wani abu ya same shi kunyar ta dangi ce gaba ɗaya. Bahaushen zango zai nuna maka masallaci da inda ake tuwo. Ɗan gari kuwa shi zai ce maka kada ka bi ta hanya kaza yau. Ka riƙe su duka biyun.

Abu uku za ka tambaya tun kana gida: wace rana zan shigo, a wace tasha zan sauka, wa zai zo ya ɗauke ni. Ka rubuta lambobinsu a takarda ka sa a aljihun da ba na waya ba.

Ranar tafiya

Kada ka shiga ƙasar Ibo ranar Litinin, kada ka shirya fita ranar Litinin. Dokar zaman gida ta ranar Litinin ta fara ne a watan Agustan 2021, lokacin da ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta kira ta saboda tsare shugabanta Nnamdi Kanu. Daga baya ƙungiyar ta ce ta janye, amma 'yan bindiga suka ci gaba da tilasta ta, ana ƙona motoci, ana harbin waɗanda suka fito. Gwamnoni sun yi ta yaƙi da abin, gwamnan Inugu Peter Mbah ya haramta shi tun a 2023, kuma a manyan birane da dama harkoki sun dawo. Sai dai kai ba a cikin birni kawai za ka tsaya ba, ta ƙauyuka motarka za ta ratsa, kuma can ne abin ya fi daɗewa. Ko da mai masaukinka ya ce an daina, ba abin da za ka rasa don ka jira Talata.

Ranar 30 ga Mayu ma haka, ita ce ranar tunawa da Biyafara. A irin wannan ranar ce a 2021 aka kashe ɗan siyasar nan na Adamawa, Ahmed Gulak, a Imo, yana kan hanyarsa ta zuwa filin jirgin Owerri. Ranar zaɓe, da duk ranar da ka ji an yi wani rikicin ƙabilanci a ko'ina a ƙasar nan, ka ɗage tafiya kwana biyu ko uku har ƙura ta lafa.

Ɗan kasuwa ya lura da wani abu kuma: Lahadi kasuwanni a rufe suke, kowa yana coci. Wasu jihohin suna hana zirga-zirga da safiyar Asabar ta ƙarshen wata don tsabtace gari. Ke nan kwanakin cinikinka na gaske daga Talata ne zuwa Juma'a. Ka iso Talata, ka gama, ka juyo kafin Asabar ta ƙare.

Watan Disamba kuwa labari ne daban. Daga tsakiyar wata duk ɗan Ibon da ke Legas, Kano, Kwatano ko Turai gida yake nufa don Kirsimeti. Kuɗin mota da na jirgi sai ya ninka, ɗakin otal ya yi wuya, kuma a da mutane kan kwana a bakin tsohuwar gadar Anacha, wadda aka kammala tun 1965. Sabuwar gada ta biyu da aka ƙaddamar a 2023 ta rage wahalar sosai, amma cunkoson bai tafi duka ba. In ba biki aka gayyace ka ba, bari sai tsakiyar Janairu. Damina tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan can ba irin namu ba ne da zai zuba awa ɗaya rana ta fito. Yakan yini yana tsiyaya. Ƙasar Anambra da Imo tana zaizayewa, kwalta takan rufta, ga ambaliya a bakin Kogin Kwara wajen Ogbaru kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Hanya da mota

Daga Abuja hanya biyu ce ke kai ka Inugu. Ɗaya ta Keffi, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Otukpo. Ita ce kuma 'yan Jos, Bauci da Maiduguri suke faɗowa. Ɗayar ta Lakwaja ce, ka tsallake kogi a Ajaokuta, ka bi Anyigba. Duka biyun suna haɗuwa kafin Obollo-Afor, ƙofar shiga jihar Inugu, daga nan sai Opi kusa da Nsukka, sai mahaɗar da ake kira Ninth Mile. Mai zuwa Anacha yana iya bin wannan ya karya dama a Ninth Mile ya wuce ta Awka, ko kuma tun daga Lakwaja ya bi Okene, Auchi, Agbor, Asaba ya hau gada. Mai zuwa Umuahia da Aba zai bi babban titin Inugu zuwa Fatakwal, ta Lokpanta da Okigwe.

Manyan motocin safa da ke tashi daga tashar New Road a Sabon Garin Kano da yamma suke tashi su kwana a hanya. Sun fi araha, suna ɗaukar kaya da yawa, kuma dubban mutane suna binsu lafiya. Duk da haka ni ba na ba baƙon farko shawarar su. Gara ka raba tafiyar biyu: ka kwana Abuja, da asuba ka je Utako ko Jabi ka shiga motar kamfani irin su Peace Mass, GUO ko ABC, wadda za ta tashi kafin ƙarfe bakwai. In Allah ya kiyaye za ka yi la'asar a Inugu. Ka yanki tikitin motar farko, domin ta biyu tana iya kai ƙarfe goma tana jiran fasinja, kuma awa ukun nan da ka rasa da safe su ne za su sa magariba ta riske ka a daji.

Ka cika takardar sunayen fasinja da sunanka na gaskiya da lambar wanda za a kira. Ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida. Kada ka tsaya bakin titi ka tare mota don ragin ɗari biyar. In direba ya ce zai yanke ta wata gajeriyar hanya, musamman wadda ta tashi daga Opi ta ɓulla Ugwuogo Nike, wadda ta yi ƙaurin suna wajen satar mutane, ka duba fuskokin 'yan garin da ke motar. In sun yi gardama ka goya musu baya.

Mai hali ya hau jirgi. Akwai filin Akanu Ibiam a Inugu, na Sam Mbakwe a Owerri, na Umueri a Anambra da aka buɗe a 2021, da na Asaba wanda yake tsallaken kogi kawai daga Anacha. Amma filin Owerri da na Umueri suna wajen gari da ɗan nisa, saboda haka a turo maka direban da aka sani, kuma ka zaɓi jirgin safe.

Abin da za ka ɗauka da wanda za ka bari

Katin shaida na ƙasa, ko na zaɓe, ko lasin tuƙi, a aljihun gaba. Ɗan kasuwa ya haɗa da katin ƙungiyarsu, ɗalibi da na makaranta, ɗan bautar ƙasa da takardar turawa, amma ya ninke kakinsa a jaka har sai ya isa sansani. Sai fawa bank, tocila, lema, silifas na roba, maganin sauro na shafawa, buta ƙarama da darduma mai naɗewa. Kaya marasa nauyi za ka ɗiba. Zafin can na gumi ne, shadda mai sitati kafin azahar ta manne maka a baya.

Wuƙa, adda, takobi, bindigar farauta, duk ka bar su a gida, har 'yar wuƙar yankan farce in tana da tsawo. Mun saba ganin mutum da wuƙa a kugu ba mu ɗauke ta komai ba. A shingen 'yan banga na Kudu ita kaɗai ta isa a kira ka ɗan fashin daji. Abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida daga Fatakwal, a jihar Edo ne, ba ƙasar Ibo ba, amma a kan hanyar da masu zuwa Anacha ke bi ne, kuma bindigogin farauta aka fake da su. Guru da layu masu yawa ma suna jawo tambayar da ba ka da amsarta. Kada ka sa wando ko hula mai zanen kakin soja. Ka share hotunan gawarwaki da na 'yan bindiga da ake turowa a guruf na WhatsApp, domin wani lokaci akan ce ka buɗe waya. Kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko daga wa yake.

Kaftani da hula ba laifi ba ne, hijabi ma haka. A kasuwannin Inugu, Aba da Anacha ba wanda zai kalle ka sau biyu. In za ka shiga ƙauyen da ba a saba ganin baƙi ba ne za ka sassauta, ka sa riga da wando, kuma ka shiga tare da ɗan garin. Ke kuma 'yar'uwa, in ke kaɗai ce, ki nemi kujera kusa da wata mace a motar, ki gaishe ta tun a tasha. Matan Ibo in suka ɗauke ki 'yar rakiyarsu, ko ɗan kamasho bai isa ya ɗaga miki murya ba.

Shingaye

Daga Obollo-Afor zuwa gaba za ka gaji da ƙirga shingen bincike: soja, 'yan sanda, kwastan, 'yan banga, masu karɓar haraji. A wasu shingayen soja akan ce fasinjoji su sauka su taka da ƙafa su wuce, mota ta same su a gaba. Ka sauka kawai. Kada ka amsa waya a shinge, kada ka ɗauki hoto, ka cire abin jin sauti daga kunne. In an tambaye ka, ka ba da amsa gajera wadda ba ta canzawa: daga ina, zuwa ina, wurin wa, yin me. A nan ne sunan mai masauki da lambarsa suke aiki. Na taɓa ganin an sauke wani yaro ɗan ci-rani a wani shinge, an riƙe shi kusan awa guda, don kawai da aka ce ina za ka sai ya ce "Kudu". Ba shi da sunan unguwa, ba shi da lambar kowa. Wata dattijuwa 'yar Ibo da ke motarmu ce ta sauka ta tsaya masa, tana ta faɗa da yarensu, har aka sake shi.

Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122.

A Ninth Mile mota takan tsaya, kuma tun kafin ta gama tsayawa mata sun kewaye ta da tire a ka suna kiran "okpa di oku", wato okpa mai zafi. Ka saya. Garin gurjiya ne ake kwaɓawa da manja da barkono da gishiri, a ƙulla a ganyen ayaba a dafa, kamar alala amma ya fi ta tauri da riƙe ciki. Ka warware ganyen, tururi ya bugi fuskarka, ga shi rawaya yana maiƙo. Babu nama a ciki, saboda haka ba ka da abin tambaya. Ɗaya da ruwan leda ya isa ya kai ka dare. Daga nan in Inugu za ka shiga, sai gangaren Ugwu Onyeama, inda birkin manyan motoci yakan tsinke. In kai ke tuƙi kada ka yarda tirela ta zauna a bayanka.

Saukar farko da kasuwa

Inda baƙo ya fi shan wahala a duk ƙasar shi ne Upper Iweka a Anacha. Kana sauka za a yi maka caa, wannan ya kama jakarka, wancan yana ce maka "aboki, ina za ka". Kada ka tsaya a tsakiyar titi kana waige-waige da waya a hannu. Ka riƙe jakarka a gaba, ka shiga cikin harabar tashar kamfanin da ya kawo ka, ka zauna, sannan ka kira mai tarbarka. In da asuba kuka iso, ka zauna nan har gari ya waye sarai. A Inugu tashar Holy Ghost ta fi wannan sauƙi, amma ƙa'idar ɗaya ce.

An hana acaɓa a tsakiyar manyan birane da dama, keke da ƙananan bas ake hawa. Ku yi ciniki kafin ka hau, ka riƙe canji. Kada ka shiga tasi mai mutum biyu ko uku a ciki da ta tsaya maka ba ka tsayar da ita ba.

Kowace kasuwa da abin da ta shahara a kai. Babbar kasuwar Anacha ta kayan sawa ce da atamfa da tarkacen gida, Bridge Head ta magunguna, Nkwo Nnewi ta kayan gyaran babur da mota, Ariaria a Aba ta takalma da jakunkuna da ɗinki, Abakaliki kuma shinkafa. A bakin kowacce akwai samarin da ake kira "oso ahia". Ba su da shago, dillalai ne masu tare baƙo su ce duk abin da kake nema suna da shi, su kai ka shagon wani su ɗora nasu a kai. Ba ɓarayi ba ne, sana'a ce, amma kai za ka biya kuɗinta. In da ɗan rakiya, shi zai wuce da kai kai tsaye layin masu kayan. Ranar farko kada ka sayi komai, ka zagaya ka ji farashi a shago huɗu ko biyar. Ciniki a can da ƙarfi ake yi, murya a sama, har ka zaci faɗa ne. Ba faɗa ba ne. Kai ma ka taya da ƙarfinka, in bai yi ba ka juya, za a kira ka.

Kada ka yawo da damin kuɗi. Ka biya ta taransifa a cikin shagon, ka tabbata sunan asusun ya dace da na mai shagon, ka karɓi rasit mai adireshi. A ɗaure kayan a gabanka, ka rubuta sunanka a jikin kowane buhu, ka raka su har wurin masu lodin Arewa ka karɓi takardar webil, wato shaidar sun karɓi kayanka. In takalma ka ba da a yi maka a Aba, ka bar samfuri ɗaya a hannunka, kuma kada ka biya duka sai ka ga kaya. Masu sayen magani su tsaya kan mai lambar NAFDAC da takardunsa, domin hanyar dawowa cike take da masu bincike.

Otal kuwa, ka zaɓi wanda ke cikin gari mai katanga da maigadi, ka koma kafin isha'i, kada ka gaya wa ma'aikata abin da ya kawo ka ko ranar da za ka tafi.

Baki da ladabi

Kalmomi kaɗan sun isa su canza yadda ake kallonka. "Ndewo" sannu, "kedu" yaya kake, a amsa da "o di mma". "Biko" don Allah, "daalu" ko "imela" na gode, "ego ole" nawa ne, "ndo" sannu ta jaje, "nnoo" sannu da zuwa. Dattijo ka ce masa "papa" ko "oga", dattijuwa "mama", mai sarauta "chief" ko "igwe" in sarkin gari ne. Sauran zance da Turancin buroka za a yi. Kalmar nan da muka saba kiransu da ita, Inyamuri, ka bar ta a gida, ba sa sonta. Su ma za su kira ka "aboki" ko "onye Awusa". Yawanci ba da wata manufa ba ne, ka amsa ka wuce. Kuma kada ka yi gulmar kowa da Hausa a mota. Da yawansu a Kano, Jos ko Gusau aka haife su. Azikiwe da Ojukwu ma duka a Zungeru aka haife su.

In aka kai ka gidan mutum, goro za a fara fitowa da shi, kuma a nan ne Bahaushe yakan yi kuskure don yana ganin ai goro nasa ne. Namu da ke rabewa biyu suna kiransa "gworo". Nasu, "oji Igbo", yana da ɓari uku, huɗu ko fiye, kuma ba a ɗauka a jefa a baki. Maigida zai kawo shi a faranti, sau da yawa tare da yalo da wani kwaɓin gyaɗa mai yaji. Za a zagaya da farantin a nuna wa kowa, ka taɓa shi da hannun dama ka miƙa gaba. Sai ya koma hannun babba, ya ɗaga ƙwaya ɗaya ya yi addu'a da yarensu, don suna cewa goro ba ya jin Turanci, mutane suna amsawa da "ise". Kai ka yi shiru cikin natsuwa, ba wanda zai tilasta ka amsa. Bayan an fasa ne za ka ɗauki ɓari. In an ba ka ƙwaya guda cikakkiya, ta aljihu ce, ka kai gida ta shaida inda ka je. Bammi ko giya za su biyo baya. Ka ce kai Musulmi ne, za a kawo maka lemo ba tare da wani ɓacin rai ba. Ƙin goron ne abin da zai yi ciwo.

Kowane gari da abin da yake girmamawa. A yankin Idemili na Anambra ba a kashe mesa, ko ta shigo ɗaki sai dai a kira ɗan gari ya fitar da ita. A Awka ba a taɓa biri. In ka ga dodanni sun fito, musamman lokacin bikin sabuwar doya daga Agusta zuwa Oktoba, ka ba su hanya, kada ka ɗauki hoto sai an ce ka ɗauka, mata kuma su ja baya sosai. Kada ka shiga gona ko kurmi don kama ruwa, ka tambayi inda bayi yake. Baƙon fuska a cikin gonar mutane, a zamanin nan na rikicin makiyaya, fassara ɗaya ake yi masa.

Siyasa kuwa ka kama bakinka. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a littafi muka karanta shi, su kuwa a gidajensu aka yi, kuma kusan kowane dangi yana da wanda yunwa ko harsashi ya ɗauke, ko wanda aka kashe a Arewa a 1966. In an tayar da zancen Biyafara a mota, ka zama mai sauraro. In ka samu saɓani da mai keke ko mai shago a kan ɗari biyu, ka bar masa. Ƙaramar rigima tsakanin baƙo da ɗan gari ba ta tsayawa a kansu su biyu, tana iya ƙarewa a kan masu shayi da masu facin takalma da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ci da salla

Nama shi ne abin lura. A unguwannin Hausawa akwai tuwo, shinkafa da wake, tsire da shayi, kuma a manyan mayankan birane da yawa mahautanmu ne ke yanka. A gidan abincin gari kuwa ka nemi miyar kifi, ka ce kada a sa nama, ka kuma tambaya ko da romon nama aka haɗa ta. Miyar shuwaka da suke kira "onugbu", da "oha", da agushi, da "nsala" ta kifin tarwaɗa, duk suna tafiya da sakwara ko teba. "Akpu" na rogo ne da aka jiƙa, yana da wari mai tsami da sai an saba. "Abacha", wato yankakken rogo da manja, yana da daɗi, amma cikin baƙo ba ya ɗaukarsa kullum. Ka ɗanɗana kaɗan, kuma ba ranar da za ka hau mota ba. Naman daji da farfesun mashaya ka bar su. Ruwa na roba ko na leda mai lamba kaɗai.

Masallatan Juma'a suna nan a manyan garuruwa, yawanci a unguwar 'yan Arewa, kamar na titin Bida a Anacha. Akwai ma Ibo Musulmi 'yan asalin ƙasar a wajen Nsukka da Afikpo. A hanya direba ba zai tsaya maka don salla ba, saboda haka ka yi amfani da rangwamen matafiyi, ka yi ƙasaru ka haɗa azahar da la'asar a inda aka tsaya cin abinci. Ka nemi gefe, ka nemi izinin mai wurin, kada ka shimfiɗa darduma a ƙofar shagon mutum. Alƙibla daga can gabas ce mai karkata arewa, fiye kaɗan da yadda ka saba a Kano.

In ka gama abin da ya kai ka da sauran kwana ɗaya, akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, inda aka ajiye makaman da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, da kogon Ogbunike kusa da Anacha, da dajin itatuwan Ngwo a bayan Inugu. Ka je da safe, da ɗan gari, ka dawo kafin la'asar.

Tikitin komawa ka yanke shi tun jajibiri, na motar farko. Ka kwana kusa da tasha, ka bar mai masaukinka ya raka ka har ka zauna a kujera, ka kuma kira shi da zarar kun wuce Obollo-Afor ko kun tsallake gada. In ka sake komawa, ka tafi masa da kilishi da ɗan buhun wake.